Jini a Kan Ƙarfen Mai Jirgi

Duk wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Busan kafin zuwan akwatunan ƙarfe ya san Pyo Dalsu. Wanda bai san fuskarsa ba ya san hannunsa na dama, mai yatsu uku a murɗe waɗanda ba sa riƙe ko tsinken cin abinci. Yanzu yana zaune a bakin kasuwar kifi yana wasa wa mata wuƙaƙe da hannun hagu, kansa a sunkuye, in ka gan shi sai ka rantse bai taɓa marin kowa ba. Kada ka rantse.

Daga wani ƙauye na Hadong ya zo, shekara huɗu bayan yaƙin basasar ƙasar, ba shi da komai sai faɗin kafaɗa da baƙar zuciya. Safiyar da ya fara tsayawa a ƙofar tasha cikin masu neman aikin yini, wani ƙato ya ture shi don ya shiga gabansa. Dalsu ya kama kunnuwan mutumin ya gwara masa goshi a hanci. Helma Yom Gapsik, mai ɗibar leburori wa kamfanin da ke kwangilar sauke kaya, yana tsaye a kan akwati yana kallo. Ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai mai kan dutse, zo nan." Ya miƙa masa ƙugiyar dako mai ƙotar itace, wadda da ita ake jan buhu da gungume, da ita kuma ake raba gardama. Kusan shekara talatin ƙugiyar nan ta yi a ƙugunsa.

Abokin aikinsa a ramin jirgi, inda ake jibge kaya, Bang Chilbok ne, wani siririn mutum wanda bakinsa ba ya hutawa. Sunansa na nufin albarka bakwai, shi kuwa yakan ce ya laluba ko'ina biyu ya samu, matarsa da cikinsa. Dalsu ya girme shi da shekara uku, saboda haka Yaya yake ce masa, amma girman bai hana shi zolaya ba.

"Yaya, da wannan fuskar taka ko kifin da ya kwana a rana ya fi ka samun masu so. Ka bari in nemo maka makauniya."

"Rufe min baki, ɗan kare, ka ɗaga naka gefen."

"Ai na ɗaga, kai ne ka tsufa."

Ranar da babu jirgi, Dalsu yakan hau tudun Yongdo zuwa ɗakin kwanon Chilbok ya ci abinci. Matar gidan, wadda unguwa ke kira Mutuniyar Namhae saboda daga can aka auro ta, ita ma Yaya take ce masa. In ta zuba miyar alade da shinkafa, tsokar da ta fi girma a kwanonsa take faɗawa, mijin yana ƙorafi, 'yarsu Sunja tana dariya. Dalsu bai yi aure ba, kuma ba shi da wani gida a duniya da ya wuce wannan.

A tasha kuwa mutum uku ne a kan kowane kaya. Akwai mai jirgi, wanda yake wata ƙasa, ba a taɓa ganin ko hularsa ba. Akwai kamfanin kwangila, mai ɗaukar leburori. Sai lebura, mai ƙashi da jini. In kaya ya faɗo wa mutum, mai jirgi ya ce ma'aikacin kamfani ne, kamfani ya biya. Kamfani ya ce a cikin jirgi abin ya faru, mai jirgi ya biya. Kafin su gama nuna juna an yi wa mamaci sadakar shekara.

Don haka leburori suka yi tasu dokar, wadda babu ta a kowane littafi: a kan ƙarfen wanda jininka ya bushe, shi ne zai biya. In an sauko da kai ƙasa ka zama na kamfani, abin da iyalinka za su gani ambulan ce marar nauyi da kwalbar giya. In kuwa ka tsaya a kan jirgi har kyaftin ya buga hatimi a takarda, ka zama na mai jirgi, masu jirgi kuwa da kuɗin waje suke biya. Kowa ya san labarin wani da aka yi wa haka, wai matarsa har ta gina gida mai rufin tayal. Ba wanda ya taɓa ganin gidan nan. Ni dai na tambayi tsofaffi da yawa, kowa ya ce wani ne ya gaya masa, amma a lokacin da ka ce ƙarya ce da ka sha ƙugiya.

Wata rana da yamma, bayan an binne wani abokin aikinsu da aka sauko da shi ƙasa, Chilbok ya tura wa Dalsu kwanon giyar shinkafa, yau ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, in ni ne, kada ka bari a sauke ni. Ko ina ihu. Ba na so Sunja ta tashi tana wanke wa mutane kifi."

"In ni ne fa?"

"Kai wa za ka bar wa diyyar, ɓeran ɗakinka?"

Suka yi dariya, suka sha daga kwano ɗaya. Alkawari ya ƙullu.

A watan Agusta na 1974 wani jirgi ya zo daga Borneo maƙare da gumagumai. Tutarsa ta wata ƙasa ce, kyaftin ɗinsa Bature, ma'aikatansa na wata ƙasar daban. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana tana dukan ƙarfe har takalmi na ɗanko, injin ya ɗaga gungume ɗaya mai kaurin da mutum uku ba za su rungume ba. Ya kusa fita daga bakin ramin sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Igiyar ƙarfe ta tsinke. Bakinta ya zabgi wani a kumatu ya buɗe shi har haƙora, gungumen kuma ya dawo ƙasa, ya daki bango, ya mirgino ya kwanta a kan cinyar Chilbok.

Mutum takwas suka sa sandunan ƙarfe kafin suka ɗaga shi. Ƙashin ya fasa wando ya leƙo fari, jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Dalsu ya kwance tawul ɗin kansa ya ɗaure cinyar ya murɗe da ƙotar ƙugiya. Suka ɗora shi a kan katako, injin ya fito da shi doron jirgi. A ƙasa, gindin tsanin jirgin, direban wata motar kaya ya riga ya tayar da inji yana jira. Daga nan zuwa asibiti bai fi minti goma sha biyar ba.

Chilbok ya damƙi wuyan hannun Dalsu. "Yaya, alkawari."

"Na ji."

Mataimakin kyaftin ya taho da gudu yana magana da yarensa, yana nuna tsani, yana nuna mota. Helma Yom ya matso bayan leburori ya yi ƙasa da murya. "Kun gani ko? Igiyarsu ce ta tsinke, so suke su wurgo shi ƙasa su wanke ƙarfensu su tafi. Ni dai ba ruwana, amma in ɗan'uwana ne ba zan yarda ba."

Daidai nan wani ma'aikacin jirgin ya jawo tiyo zai wanke jinin da ke malala wajen ƙafafun mutane. Mai yiwuwa gudun santsi yake yi. Dalsu bai tsaya tambaya ba. Ya zare ƙugiyar wani da ke kusa da shi, ya kafta wa mutumin a dantse, ya fizgo, nama ya biyo ƙarfe. Mutumin ya faɗi yana birgima, tiyon yana ta watsa ruwa sama.

Daga nan wuri ya yamutse. Ma'aikatan jirgi suka fito da sandunan ƙarfe da sarƙoƙi, leburori ashirin suka kewaye katakon da Chilbok ke kai, wasu suka tare bakin tsani. Aka fasa wa wani kai, ya zauna yana tare jinin da hularsa. Aka kama wani ma'aikacin jirgi aka yi ta buga fuskarsa a murfin rami har ya daina motsi. Wani ya maka wa Dalsu sarƙa a gira, fatar ta zazzago ta rufe masa ido, ya sa hannu ya tura ta sama ya ci gaba. Sau biyu ma'aikatan jirgin suka kai ga katakon suka kama gefensa za su nufi tsani, sau biyu aka karya musu yatsu aka ƙwace. Har yau ban san ko ran Chilbok suke so su ceta ba ko aljihun maigidansu. Ko wanne ne, su ne ke jan sa wajen mota, 'yan'uwansa ne ke jan sa baya.

Da ƙura ta ɗan lafa Dalsu ya durƙusa wajensa. Leɓɓan Chilbok sun yi fari, yana rawar ɗari a cikin zafin Agusta.

"Yaya, sanyi nake ji. Sauke ni."

"Daure, saura kaɗan. Yanzu zan karɓo hatimin."

"Na fasa. Sauke ni, Yaya. Gida nake so."

Ba wanda ya ji sai Dalsu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, amma ya tuna kwanon giya, ya tuna an ce ko ana ihu. Hannun Chilbok yana maƙale a wuyan hannunsa. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye hannun a kan ƙirjin mai shi, ya tashi.

Ya fizgi akawun da ke ƙirga gumagumai, wanda ya ɗan iya Turanci, ya sa shi ya rubuta cewa igiyar jirgi ce ta ji wa Bang Chilbok rauni. Ya ja shi har sama, ya doki ƙofar kyaftin da ƙafa ta ɓalle. Kyaftin ɗin yana ƙoƙarin kiran 'yan sanda ta rediyo. Dalsu ya danne shi a kujera, ya sa masa tsinin ƙugiya a ƙarƙashin haɓa har jini ya ɗigo a farar rigarsa, ya ajiye takardar a gabansa. Baturen ya duba ta, ya ƙara layi biyu a ƙasa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Akawu ya leƙa, ya kawar da kai, ya ce, "Ya sa hannu."

Dalsu ya sauko yana ɗaga takardar sama, jini na zuba a kanta daga girarsa, leburori suna ta sowa. Sa'a ɗaya da rabi ke nan da faɗowar gungumen. Suka sauke Chilbok, suka sa shi a mota. Kafin motar ta fita ƙofar tasha ya cika.

A duk tsawon faɗan nan ba wanda ya waiwayi igiyar da ta tsinke. Daga baya mai tuƙa injin ya ce ya ga helma Yom ya sauka ramin shi kaɗai da almakashin ƙarfe, ya kuma ji wani abu ya faɗa ruwa ta ɗaya gefen jirgin. Sau ɗaya ya faɗa, a wurin shan giya, washegari aka tare shi a lungu aka zubar masa da haƙora huɗu, bai sake tunawa ba.

Dalsu ya yi shekara biyu a gidan yari saboda dantsen ma'aikacin da haɓar kyaftin. Da ya fito ya tarar shari'ar neman diyya da Mutuniyar Namhae ta shigar tana nan tana jan ƙafa, aka kira shi shaida. Ya shiga da takardarsa a nannaɗe cikin leda. Tafinta ya karanta layi biyun da kyaftin ya ƙara: "Na karɓi wannan takarda ne kawai, da ƙarfe a wuyana. Jirgi bai amsa laifin komai ba."

Alƙalin ya cire tabarau ya dubi leburorin da suka cika benci. Ya ce ba ruwan doka da inda jini ya bushe. Igiya biyu ce ke ɗaga gungume, doguwar da ta fito daga injin, wadda ta jirgi ce, da gajeruwar da ake ɗaure gungumen da ita, wadda ta kamfani ce. Wacce ta tsinke? Lauyan mai jirgi ya ce gajeruwar. Lauyan kamfani ya ce doguwar. Alƙali ya ce a kawo igiyar, aka nema aka rasa.

Sai aka karanta takardar likita, wadda ta ce da an kawo mutumin cikin rabin sa'a da ƙafa ɗaya kawai zai rasa. A nan lauyoyin biyu, waɗanda suka shekara biyu ba su yarda da juna ko a kan ranar wata ba, suka miƙe da baki ɗaya. Ba igiya ce ta kashe shi ba, in ji su, wanda ya hana a sauke shi ne. Suka juyo suka dubi Dalsu. Garin neman gira an rasa ido, matar ta fita da ambulan ɗin nan marar nauyi da ake gudu tun farko.

A bakin ƙofar kotu ta tsayar da shi. "Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Me ya ce a ƙarshe?"

Dalsu ya dubi ƙasa. "Cewa ya yi, alkawari. Kada in bari a sauke shi, saboda ke da Sunja."

Ta yi kuka, ta share ido da haɓar zani, ta ce, "To shi ya zaɓa. Kai abin da ya roƙe ka ka yi." Ta kama sana'ar kifi a kasuwa, Sunja tana taya ta wankewa. Ranar da babu jirgi kuwa sai ta aika a kira Yaya, ta zuba masa babbar tsoka kamar da. Ya yi ta hawa tudun nan yana ci. Da ta zage shi ta kore shi da ya fi masa sauƙi, amma bai iya daina zuwa ba, don ba shi da inda za shi.

Ya koma tasha, don helma Yom da kansa ya ce a ɗauke shi, wai yana son namiji mai cika alkawari. Yom ɗin ya yi ta hawa har ya zama manaja mai mota.

A hunturun 1985 igiya ta sake tsinkewa, a wani jirgi mai ɗauke da bututun ƙarfe. Wanda ya shiga ƙarƙashi Sol Giho ne, magidanci mai 'ya'ya uku, ƙwaurinsa ya dagargaje. Aka fito da shi doron jirgi, sai ga sabon helman Yom yana raɗa wa mutane magana iri ɗaya, kalma ba ta canja ba. Leburori suka fara tare bakin tsani.

Dalsu ya kutsa ya goya Giho a bayansa. Wani ya sha gabansa ya ce, "Yaya Dalsu, ka manta doka? In ka sauke shi ka cuci iyalinsa."

"Matsa, ko in zubar maka da hanji."

Bai matsa ba. Dalsu ya sa masa goshi a baki, ya taka shi ya wuce. Wani ya kama ƙafar Giho, ya sha dunduniya a maƙogwaro. Dalsu ya sauka tsanin da mutum a baya, ana zaginsa ta sama, ana ce masa karen kamfani. Ya kwantar da shi a mota, ya doki ƙofar ya ce wa direba ya tafi, sannan ya juya ya koma jirgin da gudu, ya dira cikin rami. Ya riga helman da taku uku. Ya ɗauki tsinkakken guntun igiyar ya nannaɗe shi a hannunsa na dama, tsinayen wayar suna shiga nama, ya dunƙule.

A bayan sito mutanen Yom uku suka rutsa shi da tsakar rana. Babbansu ya ce, "Tsoho, ba mu wayar ka tafi gida." Dalsu ya ce su zo su ɗauka. Suka kayar da shi, biyu suka danne, ɗaya ya take wuyan hannun ya yi ta sauke masa bututu a kan yatsu. Ana jin ƙashi yana ɓarewa. Ya ciji ƙafar mai dukan har haƙorinsa ya karye, amma bai buɗe hannun ba. Sai da direbobin motocin kaya suka taho da yawa sannan suka gudu. A asibiti likita ya yanka naman kafin ya raba waya da hannu, Dalsu kuma bai yarda an fita da ita daga ɗakin ba sai da matar Giho ta zo ta sa ta cikin jakarta.

Da aka goge baƙin man da ke jikin igiyar a gaban alƙali sai ga jan fentin da kamfanin ke shafa wa igiyoyinsa. Kamfani ya biya. Dalsu kuwa ba a sake ɗaukar sa a tasha ba, kuma ko an ɗauke shi babu hannun riƙe ƙugiya.

Da kaka ya je duba Giho. Ya tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya gajeruwa, sanda a gefe, yana yi wa matarsa tsiya wai miyarta ba gishiri, ita kuma tana ce masa ya tashi ya dafa in ya isa. Dalsu ya tsaya yana kallon su, ya ƙi zama. Abin da ya hana Mutuniyar Namhae ke nan, gurgun miji a bakin ƙofa mai surutun tsiya.

Bayan kwana uku aka hau dutse yanke ciyawar kabarin Chilbok, kamar kowace shekara kafin bikin girbi. Mutuniyar Namhae tana shimfiɗa 'ya'yan itace da busasshen kifi a gaban kabarin, Dalsu yana fama da lauje a hannun hagu.

"Yaya, bar shi haka, zo ka zuba masa giya."

Bai juyo ba. "Ƙarya na yi miki a kotu."

Ta tsaya da kwalba a hannu.

"Da farko ya ce alkawari. Daga baya ya ce ya fasa. Ya ce, sauke ni, Yaya, gida nake so. Ya riƙe ni, ni na ɓamɓare hannunsa."

Ta ajiye kwalbar, ta zo ta tsaya a gabansa, ta miƙa hannu.

"Kawo laujen, Pyo. Ni zan yanke."

Ya ba ta, ya gangara shi kaɗai.

Shekarun nan duka yana nan a bakin kasuwar kifi da dutsen washinsa, rumfa bakwai tsakaninsa da tata. Mata suna cewa babu mai fitar da kaifi kamarsa. Duk ranar Litinin da safe Mutuniyar Namhae takan naɗe wuƙaƙenta a tsumma, ta bi ta gabansa, ta wuce har ƙarshen kasuwa ta kai wa wani mai washin.